Hawan Jinin Abdulkabir Mai Ɗaga Ƙarfe

Ranar Laraba da hantsi Inna Zuliha tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, sai ta ji babur ya tsaya a ƙofa. Sama'ilu ne, ogan samarin da ke ɗaga ƙarfe a bayan firamare. Daga zaure ya ce, "Inna, ɗauko mayafi. Abdulkabir ya faɗi."

"Daga ina ya faɗo?"

"Ba daga ko'ina ba, Inna. A tsaye yake."

Abdulkabir shi ne ɗanta namiji tilo, shekararsa ashirin da bakwai. Noman rani yake yi a Watari, tumatir da albasa. Kullum kafin ya wuce fadama sai ya biya wurin ƙarfe. Ƙarfen ma haɗin gida ne, siminti aka zuba a gwangwanayen fenti aka soka bututu a tsakiya. Cikin shekara biyu ƙirji ya buɗe, wuya ya cika, hannun riga ya daina ɗaukar damtsensa. Buhun albasar da mutum biyu ke cicciɓawa, shi kaɗai yake saɓawa. Idan ya gifta, uwar takan bi shi da kallo ta ce a ranta, lafiya ke nan.

Sama'ilu ne ya fara kawo wa samarin wani gari daga Kano, ana damawa da madara, da wasu ƙananan ƙwayoyi a ƙulle cikin leda, babu suna babu takarda. Ya ce na ƙara ƙwanji ne.

Sai ciwon kai ya fara, nan ta ƙeya. Sai jiri. Wata rana ya yi haɓo a gona, ya tafi asibiti a Tsanyawa. Malamin asibiti ya auna shi sau biyu, ya cire tabarau ya dube shi.

"Jininka ya hau sosai. Ka daina shan garin nan da ƙwayoyin nan tun yau. A rage gishiri da dunƙule da kanwa. Ga magani, ɗaya kullum da safe. Ka ajiye ƙarfe, ka dawo bayan mako biyu."

Da ya faɗa wa uwarsa, dariya ta yi.

"Hawan jini? Kai? Ai wannan ciwon tsofaffi ne da masu tunani. Ba ka da mata, ba ka da 'ya'ya, tunanin me kake yi?"

Duk da haka ta ware masa tukunya. Kwana huɗu tana kaɗa masa miyar kuka babu gishiri babu dunƙule. Ya yi loma biyu ya ture kwanon.

"Inna, wannan miyar ko akuya sai an lallashe ta."

Tausayi ya kama ta. Ƙato kamar wannan, ga aikin fadama, ya wuni da yunwa? Rana ta biyar ta barbaɗa ɗan kaɗan. Ta shida ta ƙara. Kafin mako ya zagayo ta daina ɗora tukunya ta biyu.

Shi kuwa Sama'ilu cewa ya yi, "Maganin asibitin nan fitsari yake sa mutum, ya tsotse ka ka koma kamar kara. Ga gasar ɗaga ƙarfe ta Ungogo saura wata biyu. Sha zoɓo ba sukari, ka riƙa haɗiyar tafarnuwa. Abin da ya rage, gumi zai fitar da shi."

Abdulkabir ya bi. Zoɓo da safe, tafarnuwa da yamma, gari da ƙwaya kuma suna nan yadda suke. Ciwon kan ya lafa kwana biyu, ya ce ya warke. Bai koma awo ba, babu kuma wanda ya tuna masa.

Ranar Larabar, ya ɗaga ƙarfe har saman kai, sai ya sake shi ya zube. Ko da Inna Zuliha ta iso, bakinsa ya karkace, idonsa a buɗe amma bai gane ta ba. Aka sa shi a mota zuwa Kano. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a cikin kansa.

"Yana shan maganinsa?"

Ta laluba aljihun rigarsa ta ciro katin maganin. Guda shida kawai aka ɓalla.

"An rage masa gishiri, Mama?"

Ta sunkuyar da kai.

Ranar Juma'a kafin a sauko daga masallaci ya cika.

Masu gaisuwa suka yi ta cewa kwana ne ya ƙare. Wasu suka ce baki ne, jikinsa ya yi wa mutane yawa a ido. Ta karɓi ƙaddara, ta yi haƙuri kamar yadda aka ce ta yi. Amma ta san hannun da ya barbaɗa gishirin. Ko sadakar bakwai ba a yi ba aka ci gaba da jin ƙarar ƙarfe a bayan firamare, leda kuma tana zuwa daga Kano.

Yanzu kullum da sassafe takan shimfiɗa tabarma a bakin zaure, inda samarin ke wucewa. Duk wanda ya gaishe ta sai ta ce, "Ɗan nan, yaushe rabonka da awon jini?"

"Mu, Inna? Dubi jikinmu fa."

"Na ga wanda ya fi naku," take cewa. Gobe ma ta sake tambaya.

Jama'a, girman damtse ba lafiya ba ne, hawan jini kuma ba ya tambayar shekaru. Zoɓo da tafarnuwa ba sa maye gurbin maganin likita. Ku guji ƙwayar da ba ku san asalinta ba, ku riƙa awo, ku kuma iyaye mata idan an ce a rage gishiri, kada tausayi ya sa ku ƙara.