Mai Juya wa Kaka Faifai

A ƙauyenmu tukunya ba ta motsi, maginiya ce ke zagaya ta da baya da baya. Haka Kaka ta yi ta gini har gwiwoyinta suka gaza. Da aka dawo da ita gidanmu a Sabon Tasha, inda ba ta san kowa ba, wani bakanike maƙwabcinmu ya haɗa mata faifan katako a kan tsohon ƙarfen ƙafar mota. Amma aikin na mutum biyu ne: tana gini, ina juyawa da hannu.

Ana gobe zan tafi makarantar kwana, da la'asar, ta ce, "Maigidana, saki faifan. Bari in koyi zaman zawarci."

Ta tura faifan da hagu, ta riƙe yumɓun da dama. Tukunyar ta karkace, ta zube. Ta sake gwadawa, tukunyar ta kuma zubewa. Ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu ya cika wurin. Ta daɗe tana kallon hannuwanta.

"Zo ka juya," in ji ta. "A hankali dai, kada mu gama da wuri."

Bayan na girma, na ga magina a Maroko suna juya faifansu da ƙafa, na ga na lantarki a Indiya, kowa shi kaɗai ya wadatar. Duk inda na gani sai in tsaya in rasa abin yi da hannuna.

A waccan shekarar, da na dawo hutun farko daga makaranta, barkono na tarar an shanya a kan faifan.