Mai Barin Ƙofar Shinge a Buɗe

Na sha gaban wani mai keke da sanda a hanyar tsakuwa, ya ja birki da ƙyar.

"Sauko, ɗan banza! Kai ne kake gangarowa daga dutse a keke, ka bar ƙofar shinge a buɗe? Jiya har ƙauyen gindin dutse na bi ƙararrawar shanuna!"

Wando ya ɗame shi kamar fatar ganga. Na fizge hular kwanonsa da tabarau.

Kassian ne, mijina, wanda tun bara ciwon gwiwa ya hana shi hawo mini kan dutse da gishirin shanu.

"Notburga, ai likita ne ya ce..."

Jama'ar yankinmu na Tirol, ku bi mini hakkina. Kafin nan, keken na sayarwa ne. Mai shi kuwa kyauta.