Rigar Lutfi a Kanta ta Uku

Munjiya ta sauka daga motar haya a La Marsa ƙafafunta a kumbure, ta doshi wani gidan baje kolin zane-zane ba ta ko kurɓi ruwa ba. Yau ce ranar ƙarshe. Jarida ta ce wani gidan tarihi na Turai ya saye aikin da ake nunawa, gobe za a zuba shi a akwati.

Ita da a da ba ta san zane ba sai na jikin kalanda, yanzu babu shafin masu fasaha da ke wuce ta. Tun da ɗanta Lutfi ya shiga kwalekwale daga garinsu Zarzis zuwa Italiya shekara huɗu da suka wuce, aka nemi labarinsa aka rasa, ta lura 'yan zanen zamani sun fi hukuma son kayan da teku ke amayarwa. Wannan ya jera takalma, wancan ya rataye rigunan ceto, masu kuɗi su tsaya da kofi a hannu suna gyaɗa kai. Ta zaga irin waɗannan wurare har ta haddace dokarsu: a kalla, kada a taɓa. Kullum takan shiga tana neman abin da take roƙon Allah kada ta gani.

Zauren fari ne fat, sai sanyin na'ura da wani ƙamshin lemo-lemo, wanda ta ɗauka turaren matan birni ne. Kantoci ne tun daga ƙasa har rufi, cike da tufafin da aka tsinto a bakin teku. An wanke su, an ninke kowace hannaye a baya, wuya a ciki. Ko a wannan hali sai da ta yaba a ranta, don yaran yanzu ba su iya ninki ba.

A kanta ta uku ta gan ta. Rigar sanyi ce ruwan toka, da shuɗin zare a bakin wuya, inda ulu ya ƙare mata ta cike da abin da ta samu. Ita ta saƙa ta. Ita ta ninke masa ita da safen da ya ce zai je Sfax neman aiki, ta cusa ɓawon lemo da ƙwayar kanumfari a hannun hagu saboda asu, yadda take yi wa duk kayan gidanta. Har ya yi mata dariya, wai ita kaɗai ce a duniya ke yi wa riga kayan shayi.

Ta ƙura wa rigar ido. Sai dai masu irin wannan saƙa da yawa, kuma zuciyar uwa ba ta yarda da ido. Ta tsallake layin da aka ja a ƙasa.

"Mama, don Allah bayan layi," in ji wata budurwa mai gajeren gashi. Durra ce, mai kula da gidan.

"'Yata, rigar ɗana ce. Bari in juya ta kawai, in ga cikin ɗinkin."

Durra ta sassauta murya. "Wallahi ko ni ban isa ba. Mai aikin da kansa ya zo daga Palermo ta Italiya ya jera su, ya kulle ƙofa, ko mai shara bai bari ya shiga ba."

"To kira min shi. Ya faɗa min inda ya tsince ta. Akwai mutum a ciki ko babu?"

"Ba ya ba da suna, ba ya yarda da hoto. Mu ma ta hannun wakilinsa muke magana."

Munjiya ta roƙe ta da Allah, ta roƙe ta da nonon da ta sha. Ta ciro awarwaronta na aure ta miƙa, Durra ta mayar mata idonta cike da ƙwalla. Baƙi suka fara juyowa, wani mai gemu har ya ɗaga waya, a zatonsa wannan ma cikin baje kolin ne. Gobe rigar za ta sake tsallaka tekun nan, ita kuma ta koma Zarzis ba gawa, ba kabari, ba amsa.

Ba ta san lokacin da ta fizgo rigar ba. Maigadi ya taho a guje, amma ta riga ta juya ta. Ga ƙullinta nan a ƙarƙashin hammata, ba tantama. Ta danna fuskarta a ciki ta saki kukan da ta daɗe tana haɗiyewa. Shi ke nan, Lutfi ya tafi.

Wani abu ya faɗo daga hannun rigar ya gangara gefen takalminta. Ta duba ƙasa, kukan ya tsaya cak.

Maigadi ya kama kafaɗarta, ta fizge. Ta jawo rigar da ke kusa, ta wata jaririya, ta zazzage hannun hagu. Ta jawo ta wani ƙato, ta jawo ta gaba da ita. Ɗaya bayan ɗaya suna faɗowa a kan farin daɓen, kowane da ƙwayar kanumfari a soke.

Ta durƙusa ta ɗauki guda ta matsa da farce, ruwa ya tsatso. Mutum ɗaya tak ya tashi yana kallon wannan ninki a hannunta, kuma ɓawon lemon nan na bana ne.