Littafi Mai Ƙanshin Ƙosai

Wata Asabar da la'asar Baba ya tsaya da mu gaban mai tsofaffin littattafai a bakin Kasuwar Malam Atta, ni da ƙanena Sadiku. Ni ce ta ɗaya a aji, shi kuwa malamai sun gaji da shi.

Baba bai tambaye ni ba, ya ɗora mini ƙaton littafin tambayoyin jarrabawa a hannu. Ya dubi Sadiku ya ce, "Kai ɗauki wanda kake so, ai ba karantawa za ka yi ba."

Sadiku ya tsugunna ya yi ta tono, har ya zaro wani mai zane-zane marar bango. Wata mai ƙosai ta yage shafukan farko ta ƙulle wa mutane ƙosai a ciki, sauran duk sun sha mai.

"Baba, ni ma irin nasa nake so."

"Ke mai ƙwaƙwalwa ce, ba a wasa da ke."

A trotro, motar hayar da ta kwashe mu zuwa unguwar Nima, Sadiku yana bin kalmomi da yatsa, yana haɗa su da ƙyar, yana dariya shi kaɗai. Na leƙa, ya kare da kafaɗa. Nawa na kan cinyata kamar bulo.

Na ci jarrabawar. Amma yau in na sami Sadiku a gidansa a unguwar Madina, kwance da littafi yana wannan dariyar, sai ƙanshin ƙosai ya taso mini. Ni har yanzu in na buɗe littafi, jira nake a yi mini tambaya.