Shatin Tabarma

Kullum da safe Ibtisam ce ke daka wa surukarta goro a ɗan turmi, ta juye mata a tafin hannu, sannan su kama hanyar hawasha, wato gonar audugar gidan, can wajen Suki. Tun da mijinta Uzairu ya tafi arewa haƙar zinariya, aikin maza da na mata ya haɗu a wuyanta. Ita ce tsinkar auduga, ita ce ɗiban ruwa, ita ce toya kisira, wainar dawar da ake ci kullum, ita ce ciyawar awaki.

A ƙauyen nan kwanciyar rana abin kunya ce, kuma haka aka gada. Kakanni da ƙafa suka zo daga Sakkwato, da guminsu suka kafa gari. Macen da aka gani a miƙe rana tsaka, sunan raguwa zai bi ta har kan 'ya'yanta.

"Hutu shina kabari," in ji Inna Yalwa, surukar Ibtisam, kuma da ita ake auna kowace mace. Tsohuwa ce busasshiya kamar karan dawa, ba wanda ya taɓa ganin ta jingina da bango. Da azahar, in mata sun tsuguna cin 'yar loma, ita sai ta saɓa fartanya ta tafi duba ruwa a ƙarshen tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki. Ba ta yarda kowa ya raka ta. Gab da la'asar za ta dawo, ta rufe kunci da gefen mayafi, ta ce haƙori ya tashi, amma ta koma layinta ta ci gaba da tsinka. Mata su dubi 'ya'yansu su ce, "Kun gani? Ga ciwo, ga aiki."

Ita kuwa Ibtisam jikinta ya fara cin amanarta. Ta zuba gishiri a shayi. Ta ƙone hannu wurin toya kisira, ba ta sani ba sai da ta ga bororo. Tana cikin sallah sai ta rasa raka'ar da take, hawaye na zuba ba wanda ya taɓa ta. Ba ta gaya wa kowa ba. Me za ta ce? Gajiya ba ciwo ba ce da ake kaiwa asibiti.

Ran nan aka yi rasuwa a Suki, Inna Yalwa ta tafi gaisuwa tun da hantsi. Da azahar ta yi, Hadizatu maƙwabciyarsu, mace mai baki kamar reza, ta ce, "Yau wa ka duba ruwa? Ko ɗiyan zamani ba su iya ba?"

Ibtisam ta saɓa fartanya.

Ta yi tafiya mai nisa a cikin rana. Da ta isa, ba ta ga abin dubawa ba. An rufe ruwa tun da auduga ta fashe, ƙasan magudanar har ya tsage. Ta juya za ta koma, sai ta hango wata 'yar rumfa a bayan ƙayoyi, gajeriya, in ba ka sunkuya ba ba ka ganinta. A ciki akwai tabarmar kaba da ta yi santsi don kwanciya, da ɗan tulu an rufe bakinsa da ƙoƙo. Ta ce a ranta, ta makiyaya ce.

Ruwan tulun da sanyi. Ta sha. Ta ce bari ta ɗan zauna, ƙafa ta huce. Daga zama sai kishingiɗa.

Ba ta farka ba sai da inuwa ta juya.

Da gudu ta koma. Ta tarar mata sun taru wurin tulin auduga, ga Inna Yalwa ta dawo, tana tsaye a tsakiyarsu.

"Ina kika shige?" in ji Hadizatu. "Mun ce ko ruwan ya tahi da ke."

"Bakin ne ya toshe," in ji Ibtisam, idonta a ƙasa. "Na tsaya yasa."

"Yasa? Ga fartanya fes!" Hadizatu ta matso tana ƙanƙance ido. "Tsaya. Mi ne ne wanga ga fuskarki?"

Ibtisam ta shafa kuncinta. Yatsunta suka ji layi-layi, saƙar tabarma ta fito raɗau tun daga kunne har haɓa. Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ta san kafin magariba labari ya gama ƙauye, kafin Juma'a ya isa wurin Uzairu a ramin zinariya.

Inna Yalwa ta taho kanta da sauri, fuska a murtuke. Ibtisam ta runtse ido tana jiran mari. Sai ta ji an fizgi gefen mayafinta, an rufe mata kunci, an soke shi a bayan kunne da hannu ɗaya, irin na wanda ya saba.

"Haƙori ka damun ta," in ji tsohuwar. "Ba ku taɓa ganin ciwon haƙori ba? Kowa ta koma layinta!"

Ba mai musu da Inna Yalwa. Mata suka watse.

A hanyar gida tsohuwar ba ta dube ta ba ko sau ɗaya. Sai da suka kai ƙofa ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Gobe ma ke ka duba ruwa."

Ibtisam ta ce, "To, Inna," kunya ta hana ta ɗaga kai. Ta ɗauka gwaji ne, a ga ko za ta sake.

Da gari ya waye ta ɗauko ɗan turmi kamar kullum, ta jefa goro, ta fara daka. Inna Yalwa na zaune ta miƙo tafin hannu, amma yau ita ce idonta ke ƙasa. Ibtisam ta dubi kuncin nan da ake rufewa kowace la'asar, ta dubi goron, sai taɓaryar ta tsaya a hannunta.

Shekara da shekaru ke nan ana daka wa Inna Yalwa goro, domin babu haƙori ko ɗaya a bakinta.