Jar Riga Ranar Suna

Tun da aka kafa dokar auna jarirai, duk yaron da na'ura ta ce zai yi tsawo, ƙungiyar ƙwallon kwando ta garinsu ce ke da shi. Ranar suna takan aiko masa da 'yar riga. Ta Gusau koriya ce.

Ana rabon goro a sunan ɗan Ila a Gusau, ma'aikacin ƙungiya ya yi sallama ya miƙo kwali. Inna Kulu, mahaifiyar Ila, ta buɗe. Sai ga riga ja, irin ta Jos.

"Malam, ko ka ɓata gida ne?"

"Nan ne, Inna. Jiya muka ɗauko gwanin ɗan wasa Sagir Dogo daga Jos. Bana kofi namu ne!"

Maza a zaure suka ɗauki sowa.

"Me kuka ba su?" in ji Inna Kulu.

"Damar zaɓa daga cikin jariranmu, 'yan wasan gaba, kawai. Wa ya san gobe?"

Ta juya rigar. A bayanta an ɗinka Mujahid, sunan da uba kaɗai ya sani kafin liman ya raɗa ɗazu. Zaren kuwa har ya koɗe, alamar an daɗe da ba Jos sunan.

"Ila," ta ce, "bar sowar nan ka zo."