Rawar Volkmar a Ƙofar Coci

Volkmar Tiedje ya dire lasifika a kan matakalar cocin, ya juya bakinta wajen ƙofa, don kada na ciki ya ce bai ji ba.

Juma'ar makoki ce, wadda ke zuwa kafin bikin Ista na Kirista, ranar da doka ta hana kiɗa da rawa a bainar jama'a. Wannan doka kuwa da ita Jam'iyyar Hankali ke cin abinci. Cewa suke addini ya tsaya a gida, gwamnati ta tsaya a ofis. Magana ce da mutum zai iya saurara, in da ba daga bakin Volkmar take fitowa ba. Reshensu na garin Wendelbrück kaf ɗinsa mota ɗaya ke kwashe shi, har a samu wurin lasifika.

Manyan jam'iyya sun riga sun gaya masa ba ɓoye-ɓoye: ko sunansu ya fito a jarida kafin zaɓe, ko su ƙwace takarar su ba mataimakiyarsa, Wiebke Ahlers. Shi kuwa tuni ya liƙa fuskarsa a jikin kowane turken fitilar titi. Ga Wiebke nan tsaye a bayansa, riƙe da kwalin zanga-zanga, tana jiran ya faɗi ta ɗauka.

Abu ɗaya yake nema: fasto ya fito a fusace, a ɗauke su hoto ido cikin ido.

Ba a banza ya zaɓi wannan coci ba. Nan iyayensa ke jan sa yana yaro, kuma tun da ya fita ya rantse ba shi ba wurin. Ko titin ba ya bi, har alfahari yake da hakan. Da ƙararrawar cocin ta daina kaɗawa shekarun baya, cewa ya yi ƙorafinsa ne ya rufe mata baki. Yau da ya ɗaga kai bai ga gicciye a kan hasumiya ba, sai ya ce wa jama'arsa tsoro ne ya fara kama 'yan cocin.

Har 'yar jarida ta zo, Frau Ohlendorf, wadda ba ta taɓa leƙa taronsu ba. Da ya faɗa mata wurin a waya, sai ta sake tambaya wane cocin, sannan ta ce ko ana ruwan ƙanƙara za ta zo, da mai hoto ma.

Aka saki kiɗa. Kaico! Tsohon ma'ajinsu na ɗingisa gwiwa, wata na juyi ita kaɗai da lema a hannu, Volkmar kuma na dukan ƙasa kamar mai kashe kyankyasai. Masu yawo da karnuka suka tsaya, suka duba, suka wuce. Babu ɗan sanda, babu zagi, ko tsaki ba wanda ya yi musu. Gumi ya fara tsattsafo wa Volkmar, ba na rawa ba.

Sai ƙofar cocin ta buɗe.

Wani dogo ne siriri, baƙar riga a ɓalle har wuya, baƙin wando, takalmi na sheƙi, bayansa a miƙe zam. Bai dubi kwalayen ba, bai dubi fuskokinsu ba. Ƙafafunsu ya zuba wa ido, leɓɓansa na motsi a hankali. Can ya runtse ido kamar an taka masa gyambo.

"Addu'a yake, Wiebke," in ji Volkmar cikin raɗa. "Mun kama shi! Takarar taki sai ki jira baɗi."

Ya kashe kiɗan, ya hau matakala har numfashinsa na taɓa fuskar mutumin, ya kuma tabbatar mai hoto na ganin ɓangaren fuskarsa mai kyau.

"To, Fasto, ka fito ke nan? Zamaninku ya wuce! Ku ke zaune cikin duhu, ba ku san abin da duniya ke ciki ba. Mu mutanen bincike ne, ba ma buɗe baki sai da hujja. Ga mu mun yi rawa a ƙofarka. Kira 'yan sanda in ka isa!"

Mai hoto ya yi ta ɗauka. Frau Ohlendorf ta cije murfin alƙalaminta, kafaɗunta na rawa. Wiebke kuwa idonta ya faɗa kan wani ɗan allon tagulla a gefen ƙofa. Ta karanta, ta sauke kwalinta a hankali, ta ja baya har ta fice daga hoton.

Volkmar bai lura ba. Ya ga kansa a shafin farko, ya ga manyan jam'iyya na bugo waya suna ba shi haƙuri. Ya buɗe ƙirji yana jiran tsinuwa.

Mutumin ya sauke ajiyar zuciya, ya yi magana a hankali, amma lasifikar ta ɗauka ta watsa wa dandalin gaba ɗaya.

"Bawan Allah, ni ma dokar nan ce ta sa na rufe yau, da ka tambaye ni da na ba ka aron kujeru. Na daure ta taga iya daurewa, ƙafarka ta hagu ce ta fito da ni. An sayar da cocin nan tun tuni, makarantar rawa ce, ni ne malamin, kuma ajin 'yan koyo ranar Talata ne."